Tallafin Masu Fasaha: Ina Rabon Matar Cikin Gida?

Ina gaida mai tankaɗe da mai wanke-wanke, da mai jego da mai raino, da wadda ta ɗora hula a gwiwa tana ɗinki, kunnenta yana wajen rediyo. Ke mai allura ki matso kusa, domin maganar yau taki ce.

Wata baiwar Allah ce daga Kibiya ta aiko mana da tambaya. Shekararta biyu da aure, tana ɗinkin hula, kuma in dare ya yi takan rubuta gajerun labarai a wani tsohon littafinta na makaranta. Ta ce tana yawan jin ana cewa gwamnati tana ba masu fasaha tallafi, musamman masu tasowa. Shin ita ma tana ciki, ko kuwa sai 'yan fim da mawaƙan birni? In kuma tana ciki, ta ina abin zai same ta, alhali ko ƙofar gida ba ta leƙawa?

To ƙanwata, amsar a taƙaice ita ce kina ciki. Sai dai tallafi ba ya bin gida-gida yana sallama. Abu biyu yake bi: aikin da ido ya gani, da sunan da aka rubuta a takarda. Mu kuwa matan cikin gida, aikinmu yana fita, sunanmu yana zaune a ɗaki. Wannan shi ne abin da za mu warware a yau.

Wace ce mai fasaha?

Da yawa daga cikinmu in an ce fasaha, sai hankalinmu ya tafi kan mai waƙa ko mai fitowa a talabijin. Alhali duk wadda take ƙirƙiro abu da basirarta, ta fito da shi da hannunta ko da bakinta, mai fasaha ce. Mai zana hula ta ɗinka zanna bukar ko damanga, mai saƙa faifai da tabarma, mai zanen lalle, mai saƙar kayan jarirai, mai ɗinkin zanen gado, mai rubuta labari ko tsara waƙa, duk sunansu ɗaya.

Mu mutanen ƙasar Rano da Kibiya ma bai kamata a ba mu labarin wannan ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin da aka gada, ita da Kano ake kira sarakunan baba, wato masu rini. Wannan yanki na kudancin Kano ya daɗe da yin suna wajen saƙa da rini, har turkuɗin Kura ya zama abin adon Buzaye a can cikin hamada. Da wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

To wa ya kaɗa zaren da aka saƙa waɗannan tufafi? Kakanninmu mata ne, a cikin gida, da mazari da alli da taskira. Su suka gurje auduga, su suka shiɓe ta, su suka fitar da abawa da arafiya. Tarihi ya riƙe sunan gari, ya riƙe sunan fatake, amma bai riƙe sunan mace ko ɗaya ba. Har yau kuma haka abin yake. Ki yi mako biyu ko uku a kan hula guda, idonki ya yi ja, yaro ya kai wa dillali, dillali ya kai Kano. Mai sayen ya yaba, amma bai san hannun wa ya yaba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba duk abin da aka kira tallafi ne kyauta ba

Kafin mu yi nisa, a bambance abu uku, don nan ne mata da yawa suke faɗawa rami.

Na farko shi ne tallafi na kyauta. Kuɗi ne ko kayan aiki da hukuma take bayarwa ba sai an biya ba. Sai dai akwai sharaɗi: a yi abin da aka ce za a yi da shi. Kuma kada ki ɗauka roƙo ne. Daga baitulmali ake fitar da shi, dukiyar al'umma ce, ke ma kina da haƙƙi a ciki.

Na biyu shi ne rance. Wannan bashi ne, za a biya, sau da yawa ma da ruwa a kai. Misali, a 2019 Babban Bankin Nijeriya ya fito da wani shiri don masu ɗinkin zamani da 'yan fim da mawaƙa da masu aikin kwamfuta. Mutane suka yi ta kiransa tallafi, alhali rance ne mai ruwan da ya kai kashi 9 cikin 100. Saboda haka duk takardar da aka kawo miki, tambayar farko ita ce: za a biya ko ba za a biya ba? In za a biya, da ruwa ko babu? Wadda take gudun riba ta sani akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, kuma ta nemi fatawa kafin ta sa hannu.

Na uku shi ne gasa ko horo. A nan ba a miƙa miki jari kai tsaye. Ana dai buɗe miki ƙofa: a koya miki, ko a buga aikinki, ko a fito da sunanki duniya ta ji. In muka duba tarihi, wannan na ukun shi ya fi tayar da masu tasowa a ƙasar Hausa.

Waɗanda aka buɗe wa ƙofa

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda take ƙarƙashin gwamnati, ta shirya gasar rubuta labarai da Hausa a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. A lokacin Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, malamin makaranta ne a Katsina. Gasa guda ta fito da shi. Amma ki lura, babu mace ko ɗaya a cikinsu.

Sai da aka yi fiye da shekara 40 kafin kamfanin NNPC na Zariya, mai buga littattafai fa, ba na man fetur ba, ya sake shirya wata gasar a ƙarshen shekarun 1970. Hajiya Hafsat Abdulwaheed, haifaffiyar birnin Kano, ta shiga da littafinta So Aljannar Duniya, aka buga shi a 1980. Ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da aka buga wa littafin ƙagaggen labari da Hausa.

Ga kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An yi mata aure tana 'yar shekara 13, karatunta ya katse, daga baya ta koma ajin manya ta ƙarasa koyon karatu da rubutu. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, sannan Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Ashe ajin yaƙi da jahilci ma tallafi ne. A Jihar Kano akwai hukuma sukutum da aka kafa don ilimin manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma mata da yawa da suka riƙe alƙalami bayan aure ta irin wannan ƙofa suka bi.

In kina da naira 20 a kusa, ɗauko ta. Gaba hoton marigayi Janar Murtala Muhammad ne, wan ita Hajiya Balaraba. Juya bayanta. Wannan matar da kike gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, yana sayen tukwanenta yana ajiyewa, kuma a wurinsa wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. Shi ne gwamnati ta sa ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. An nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Na san za ki ce ai Ladi ba a kulle take ba. Gaskiya ne. To ga wanda ya fi kusa da ke: a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarinta Sansani. Ta intanet aka riƙa aika labaran, ba a ce sai mace ta taka ƙafa ta kai ba.

Yanzu ki duba waɗannan mutane duka. Akwai wanda tallafi ya tarar da shi hannu rabbana? Babu. Ladi tana da tukwanenta, Hafsat tana da rubutunta. Kowa da aikinsa a hannu ƙofar ta buɗe. Sannan kowa da sunansa a jikin aikin.

Me ya sa ba ya isowa ƙauye?

Ba za mu ɓoye wa juna gaskiya ba. Tun 1991 aka yi dokar kafa asusun ƙasa na tallafa wa fasaha, amma masu fasaha sun daɗe suna kukan ba su gani a ƙasa ba. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don masana'antar fim, to wannan na masu kamfani ne da takardu. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman don fasaha da al'adu, aka naɗa mace minista, Hajiya Hannatu Musa Musawa, 'yar Jihar Katsina.

Wanda ya fi sauka kusa da mu shi ne tallafin naira 50,000 da aka raba a 2024 ga masu ƙananan sana'o'i. An tsara shi don mutum miliyan 1 a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, ka ga har da Rano da Kibiya ke nan, kuma an ce mafi yawa na mata da matasa ne. Masu ɗinki da masu kwalliya suna ciki. Kyauta ne, ba bashi ba. Amma ta intanet aka cike fom, kuma sai mai lambar NIN da lambar BVN da asusun banki. To matar da ba ta da ko ɗaya, wayar ma ta maigida ce, ta ina za ta shiga? Ba wai an cire sunanta ba ne, sunan ne bai taɓa shiga ba tun farko.

Abin da za ki iya yi daga ɗakinki

Na ɗaya, ki ajiye shaida. Duk hular da kika gama, ko faifai, ko zanen lalle, a ɗauki hotonsa a waya kafin ya fita. Cikin aikinki ki ware guda biyu ko uku mafi kyau, kada ki sayar, su ne samfurinki. Ki kuma samu wata 'yar alama taki da za ki riƙa sawa a cikin hula ko gefen saƙa, yadda duk inda aka gani za a ce hannun wance ne. Mai rubutu kuma ta kammala labari guda tun daga farko har ƙarshe, ta sa kwanan wata, ta ajiye kwafi. Labari goma da aka fara ba su kai guda ɗaya da aka gama ba.

Na biyu, ki mallaki takardunki. Lambar NIN, lambar BVN, asusun banki da layin waya, duk su kasance da sunanki, kuma sunan ya zama iri ɗaya a ko'ina. In a nan an rubuta Hauwa'u Musa, a can kuma Kulu Musa, na'ura za ta ɗauka mutum biyu ne ta ajiye ki gefe. Yin NIN da BVN yana buƙatar ki je da kanki, don sai an ɗauki hotonki da zanen yatsunki. Fita ce ta yini ɗaya ko biyu, amma amfaninta na shekaru ne. Kada ki ce ai na maigida ko na ƙanena ya wadatar. Kuɗin da ya shiga asusun wani, a idon hukuma na wancan ne, kuma zumunci da yawa ya lalace a kan haka.

Na uku, ku haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hukumomi sun fi son mu'amala da ƙungiya a kan mutum ɗaya. Ai mun riga mun iya, ga adashi nan muna yi shekara da shekaru ba tare da ofis ba. Masu ɗinkin hula na unguwa ɗaya su haɗu, su rubuta sunayensu, su zaɓi shugaba da ma'aji da mai rubutu, su yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai. Sai ku samu wata dattijuwa mai amana wadda take fita, ta zama wakiliyarku. Ita za ta riƙa leƙa sashen harkokin mata a sakatariyar ƙaramar hukuma, ta jiyo abin da ake ciki, ta kai samfurinku wurin baje koli a Kano ko Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi da jajinta, tsofaffin mata masu kai ilimi ga matan da ke cikin gidaje.

Na huɗu, ki shawarci maigida tun da wuri. Kada ya tsinci labarin a bakin mutane. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki nuna masa aikin, ki faɗa masa abin da ake nema da inda za a je da ranar da za a dawo. In da hali ma shi ya raka ki. Ku kuma iyayen gida da ke saurare ta bayan labule, mun san kuna ji. Dukiyar da mace ta samu da hannunta tata ce, amma albarkarta a tukunyar gidanku take ƙarewa: sabulu, omo, littafin yara, maganin zazzaɓi cikin dare.

Na biyar, ki iya lissafin aikinki. Duk mai ba da tallafi zai tambaya: nawa kike buƙata, me za ki yi da shi? Amsar “ko nawa ne Allah ya sa albarka” ba ta cike fom. Ki samu littafi ki riƙa rubuta kuɗin zare da yadi da ladan mai zane da wanki da na ɗan aike, da kwana nawa aikin ya ci, da nawa aka saya. In ba ki iya rubutu ba, 'yarki ta makaranta ta rubuta miki. In kuɗin ya zo kuma, a sa shi inda aka ce. Na san ranar da ya shigo, ranar ce za a tuna da ankon bikin wance da gudummawar sunan wance. Ki daure. Jarin da ya tafi biki ba ya dawowa.

A yi hattara da 'yan damfara

Duk inda aka ce ana rabo, sai ɓata-gari sun rigaya masu haƙƙi zuwa. Wani zai aiko yaro da fom ya ce a biya kuɗin rajista. Wani zai bugo waya ya ce sunanki ya fito, ki karanto masa lambobin da aka turo miki yanzu, ko lambobin sirrin katinki. Ki kashe wayar. Babu ma'aikacin banki ko na gwamnati na gaskiya da zai nemi lambar sirrinki. Wani kuma zai tattara lambobin NIN da BVN na matan unguwa ya ce zai cike musu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko kuma ya karɓa da sunansu ya miƙo musu abin sayen goro. Kyautar da sai kin biya kafin a ba ki, ki yi shakkarta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In kin ji sanarwa, ki bari wakiliyarku ta je ofishin da kanta ta tabbatar.

Kira ga hukumomi

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu da masu riƙe da sarautu da su tuna cewa akwai masu fasaha a bayan katanga. In za a yi rajista, a turo ma'aikata mata su shiga gidaje, kamar yadda ake shiga don rigakafi. A yi sanarwa da Hausa a rediyo, da wuri, ba ana gobe za a rufe ba. A kuma riƙa shirya gasa da baje kolin aikin hannu na mata a matakin ƙaramar hukuma, a rubuta sunan mai aiki a jikin aikinta. Kuɗin da wannan zai ci kaɗan ne, amma mun ga abin da gasa guda ta haifar a 1933.

Ke kuma ƙanwata ta Kibiya, ga abin da nake so ki yi kafin mu sake haɗuwa. Hular da ke hannunki, ki sa mata alamarki, a ɗauki hotonta. Labarin da kika fi so cikin littafin nan naki, ki kai shi ƙarshe. Sannan ki yi wa maigida maganar NIN da asusun banki. Wataƙila tallafi ya zo bana, wataƙila sai baɗi, wataƙila ma ya wuce bai tsaya ba. Ko bai zo ba, ba ki yi asara ba: kin san kuɗin aikinki, kina da 'yan uwan sana'a, dillali kuma zai fara yi miki magana da ladabi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. A shafa mini kan yara. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.